Amsa ga mai tambaya kan na'urar lantarki ta ciwon baya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki tun daren jiya: likita ya tura Baba sashen gashin ƙashi saboda ciwon bayan da ya yi watanni yana fama da shi, ke kuma kin ga tallar wata 'yar na'ura a intanet mai facin roba da ake mannawa a jiki, kina so ki ji ko in kin saya masa za ta wadatar ya huta da jigilar asibiti. Ni ba likita ba ne, malamin kimiyya ne a sakandare. Amma na kwanta an jona mini waɗannan wayoyi har na gaji, na kuma yi jinyar mahaifiyata da su.

Sayen na'urar ba laifi ba ne idan Baba ba ya cikin waɗanda aka hana, zan zo kansu. Amma kada ki saye ta da niyyar ta tsaya a madadin zuwa gashi. Ba aikinta ba ne, kuma ba za ta iya ba.

Shekarun baya ɗan acaɓa ya zubar da ni, ƙashin cinyar dama ya karye, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Bayan makonni ina kwance sai na dubi cinyar na ga ta tsotse, kai ka ce ta ƙaramin yaro aka jona mini. Ranar farko a ɗakin gashi, matar da ke duba ni ta sa ɗan tawul a ƙarƙashin gwiwata ta ce, "Malam, danne tawul ɗin nan." Na cije leɓe, na yi nishi, gumi ya keto mini, tsokar nan ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo, babu mai karɓa. Sai ta manna faci biyu a gaban cinyar, ɗaya sama ɗaya kusa da gwiwa, ta riƙa murɗa maɓalli a hankali. Da farko na ji kamar tururuwa na yawo, can sai ga tsokar ta ɗaure tamau da kanta, ƙoƙon gwiwa ya ja sama ina kallo. Ta yi 'yan sakanni ta saki, ta huta, ta sake ja. Abin da ta faɗa mini ranar ban manta ba: "In ka ji ta fara ja, kai ma ka ja tare da ita. In ka miƙe ƙafa ka bar mata aikin, kuɗin motarka kawai ka ɓata." Da tsokar ta farka ta fara amsa kira, sai ta janye na'urar gaba ɗaya, aka koma ɗaga ƙafa da jakar yashi a idon sawu, da keken da ba ya tafiya, da hawa matakala.

Wannan na'urar tada tsoka ce. Wadda kika gani a talla kuwa, bisa yadda kika kwatanta ta, ita ce ake kira TENS, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko da yake facin iri ɗaya ne. TENS ba ta gina tsoka, ba ta gyara ƙashi, ba ta mayar da faifan baya da ya zame. Jijiyoyin fata take tsokana domin ta rage jin zafi. Kin san yadda mutum in ya buge ƙwaurinsa da kujera yake kai hannu ya murza wurin tun kafin ya yi tunani? Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓi sun fi na zafi kauri da sauri, in suka cika hanya a cikin laka sai saƙon zafin ya ragu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, su suka fito da wannan bayani a 1965, suka kwatanta shi da ƙofa da ake turawa a rufe. TENS murzawar nan take yi da lantarki. In an saita ta tana bugawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 120 a sakan ɗaya, za a ji yarr mai ƙarfi amma ba mai ciwo ba. In an saita ta a hankali, sau 2 zuwa 4 a sakan, za a ga tsoka na ɗan zillo, manufar a nan ita ce jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi. Abin ma ba sabo ba ne. Tun ƙarni na farko wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa ana ɗora wa mai ciwon kai kifin teku mai lantarki. Duk wanda ya taɓa kama minjirya a kogi ya san irin gaisuwar da ake magana.

To, ga inda gizo ke saƙar. Sauƙin da TENS ke bayarwa yawanci na lokacin da take jiki ne da ɗan abin da ya biyo baya. An cire, an jima, ciwo ya dawo gidansa. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce a 2016 kada a riƙa ba masu ciwon baya TENS, ko na'urar nan mai faci huɗu da igiyoyin lantarki biyu ke gittawa a cikin nama, ko na'urar sauti da ake shafa wa mutum jel a riƙa zagaya kan ƙarfe a wurin. A 2022 ta faɗi makamancin haka kan ciwon gaɓɓai na zaizayar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta ba da shawarar kada a riƙa amfani da TENS da na'urar sauti a matsayin maganin ciwon baya mai daɗewa. Abin da dukkansu suka sa a gaba shi ne motsa jiki da wayar wa majinyaci kai game da ciwonsa. A nawa ganin, wannan ba ya nufin duk mai cewa ta taimake shi ƙarya yake yi. Ni kaina tana rage mini. Abin da yake nufi shi ne ba a samu hujjar da ta nuna tana warkarwa ba, don haka ba a gina jinya a kanta.

Sunan da muka raɗa wa fannin ma ya cuce mu. Da muka ce "gashin ƙashi", sai kowa ya ɗauka in ba a kunna masa fitila ko an jona masa waya ba, ba a yi masa komai ba. A kan bencin jira na sha jin dattawa suna mita, "Yau yaran nan wasa suka yi da ni, kwanta tashi kawai aka sa ni." Alhali kwanta tashin nan shi ne maganin. Akwai kuma masu buɗe shago su jera na'urori, kowa ya zo a manna masa, mai baya da mai wuya da mai shanyewar ɓarin jiki duk saiti ɗaya, minti ashirin a karɓi kuɗi a ce ya dawo jibi. Mai gashin gaskiya zai fara da tambayoyi, ya sa mutum ya sunkuya, ya miƙe, ya gwada ƙarfin ƙafafu da jin fata kafin ya taɓa maɓalli. A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi musu rajista, ba rashin kunya ba ne ki nemi ganin lasisi.

Maganar waɗanda aka hana kuwa, ki karanta wa Baba ita da kanki. Mai batirin zuciya da aka dasa a ƙirji kada ya kusance ta. Mai farfaɗiya sai da izinin likita. Mai juna biyu ba a sa mata a ciki ko ƙugu. Ba a manna faci a gaban wuya, ko kan ido, ko a sa ɗaya a ƙirji ɗaya a baya lantarki ya ratsa ta zuciya, ko kan rauni da fatar da ta saɓule. Ba a barci da ita, ba a tuƙi da ita, ba a shiga wanka da ita. Ni saboda ƙarfen cinyata, akwai wata babbar na'urar gashi mai dumama nama daga ciki da aka ce ko kusa kada a sa mini a wurin, don ƙarfen na iya tara zafi ya ƙona naman da ke kewaye da shi.

Sai wurin da ba ya jin taɓi, kuma a nan ne na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Hajiyarmu tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Na ga ana kunna wa mutane jar fitila a asibiti, sai na sayo tawa, ina ganin ai na zama gwani. Wani dare lokacin sanyi na kunna mata a ƙafa na matso da ita kusa, ina tambaya, "Hajiya, da zafi?" tana cewa, "A'a, daɗi ma nake ji." Ashe sugan ya riga ya kashe mata jin ƙafa. Da safe sai ga bororo ya taso a bayan ƙafar. Ƙunar da a jikina mako ɗaya za ta yi, ita sai da muka yi watanni muna zaryar wankin ciwo. A asibiti kafin su kunna zafi sukan gwada fatar da abu mai ɗumi da mai sanyi, su kuma auna tazara. Ni ban san da wannan ba. In Baba yana da suga, wannan gargaɗin ya shafi lantarkin ma, domin wanda ba ya ji zai yi ta ƙara ƙarfi.

Kuma ba kowane ciwon baya ne na gashi ba. Idan fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ya daina jin matsematsinsa, ko ƙafa tana ƙara mutuwa kullum, wannan na gaggawa ne, a ranar za a kai shi asibiti. Idan akwai zazzaɓi, da rama, da gumin dare, da ciwon da ke tada shi daga barci, a koma wa likita, don tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma muna da shi a ƙasar nan. Hatsarin 'yar na'urar a irin wannan hali shi ne ta lallashi ciwon a yi ta jinkiri.

Na san jigilar ce damuwarki, kuɗin mota da layi da barin aiki. Ki kai shi zuwan farko ko ta halin ƙaƙa. In kuna Kano akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki faɗa musu gaskiya cewa ba za ku iya zuwa sau biyu ko uku a mako ba, ki roƙi su tsara masa motsa jikin da zai riƙa yi a gida, su ba ku ranar dawowa mai tazara. Ki nemi izini ki ɗauki bidiyon yadda ake nuna masa a wayarki, don dattijo yana isa gida zai ce ya manta. In kin riga kin sayi na'urar, ki tafi da ita su nuna miki inda za a manna da saitin da ya dace. Kusan minti 20 zuwa 30 ake yi, kuma lokacin da ya fi amfani shi ne gab da zai yi motsa jikin ko tattaki, don zafin ya lafa ya samu ya motsa. Ma'aunin da za ki riƙa dubawa ba daɗin da ya ji lokacin da take jiki ba ne. Ki duba ko ya fara iya ruku'u ba dafa bango, ko tafiyarsa zuwa masallaci ta daina zama da hutu biyu a hanya.

Tawa na'urar TENS ɗin tana nan cikin durowa, facin ma sun fara rasa danƙo. Nakan ciro ta lokacin makin jarrabawa, in na wuni a sunkuye kan takardu ƙugu ya riƙe. Ki dai fara sanar da mu ko Baba yana da suga ko matsalar zuciya kafin ki tura wa mai tallar nan kuɗinki.