Kada ka tura rabin kuɗin nan kafin ka kama ragamar dokin

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu, gabana ya faɗi, domin na san zafin irin wannan ciniki, kuma ba na so ka ɗanɗana shi. Ka ce an turo maka bidiyon wani akawali, wato baƙin doki, daga wajen Maigatari, dillali ya ce ka tura rabin kuɗi a ɗora shi a mota, in ya iso Kano ka cika, ga Sallah ta matso. Don Allah kada ka tura, ko sisi.

Kuɗi da ragama wuri ɗaya suke sauya hannu, lokaci ɗaya, a gaban mutane, kuma hannun mai doki ne zai karɓa. Ka tambayi dillalin nan lambar mai dokin ka ji abin da zai ce. In ya fara "ai Alhaji ba ya son a dame shi", to ka gane. Mai doki ya ce masa miliyan ɗaya da rabi, kai ya ce maka biyu, ya ci na sama, sannan ya karɓi la'ada ta ɓangare biyu. Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi ciwo shi ne a sauke maka doki da yamma yana taku lafiya lau, yara sun kewaye shi suna murna, an riga an gyara sirdi da jalala. Kwana biyu ka fito da asuba ka same shi a turke ya ɗage ƙafar gaba, da ƙyar yake dafa kofato a ƙasa. Ka kira dillali, waya a kashe. Ka sake kira, a kashe. Mutumin da jiya yake rantse maka da Allah, yana ce maka "ranka ya daɗe". Ranar da ka same shi kuwa cewa zai yi a mota ya ji ciwo, ko yaronka ne ya sukwane shi a kan kwalta. Ba ka da takarda, ba ka da shaida, ba ka san ma gidan mai dokin ba. Wallahi wasu ba sa tsoron Allah.

Abin da ke faruwa shi ne allurar kashe zafi ake yi masa kafin a nuna shi, ɗingishin ya ɓuya kamar kwana guda. Shi ya sa gani ɗaya ba ya isa. Ka je da kanka, ka je da likitan dabbobi ko wani tsohon ɗan barga da ka yarda da shi, kuma kada ka faɗi ainihin sa'ar zuwanka. A fito da shi daga turke a gabanka, tun bai yi ɗumi ba. A ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Mai ciwon ƙafar gaba yana ɗaga kai duk sa'ad da ƙafar ta taɓa ƙasa. Ka ɗaga kofato huɗun, ka shafa jijiyoyi ka ji ko akwai zafi ko kumburi. Ka buɗe baki: haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. In an ce maka ɗan shekara shida ne ka ga haƙorin nono, an fara yi maka ƙarya ke nan, sauran maganar ma ka sake auna ta. Bayan an sukwane shi ka tsaya kusa ka saurari numfashinsa.

In ya yi maka, ku zauna da mai shi, ya ce "na sallama" da bakinsa. Ka nemi zaɓin kwana uku, wato damar fasa cinikin a cikin kwanakin in bai yi maka ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, malamanmu na Malikiyya sun san cinikin zaɓi, kuma a cikin kwanakin nan dabbar tana kan lamunin mai sayarwa, ba a kuma sharɗanta biyan kuɗi. Haka kafin alƙalamin da ake cewa in ka fasa ya tafi, bai halatta a mazhabarmu ba. In za ka ba da wani abu don a riƙe maka dokin, a rubuta cewa yana cikin kuɗin, kuma in ciniki ya watse zai dawo maka.

Takarda ba rashin yarda ba ce. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta ce a kafa shaidu idan an yi ciniki. Ku rubuta kwanan wata, sunayenku, launin dokin da duk alamarsa, farin goshi, farar ƙafa, tabo ko lamba, shekarunsa, kuɗin, da aibin da mai shi ya bayyana. A rubuta abin da ke biye da shi, domin rigima kan linzami da sirdi da likkafa ta raba mutane da yawa. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa, in da hali mai unguwarsu ya sani. Ka ɗauki hoton dokin ta ɓangare huɗu, mai shi yana riƙe da ragama. Ka tambaye shi wajen wa ya saya, saboda dokin sata in aka biyo sawu a bargarka za a same shi, kai za ka yi bayani.

Wajen biya, sunan da ke kan asusun ya zama nasa, ba na ƙaninsa ko na dillali ba. Ka duba iyakar abin da bankinka ke bari ka tura a rana tun kana gida, kada ka je ka tura rabi sauran ya maƙale. Ka rubuta "kuɗin doki" a wajen bayani. La'adar dillali daban, bayan an gama, kuma mai doki ya ji adadinta. Ku masu sayarwa kuma da ke karantawa, saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Ku buɗe manhajar banki ku ga kuɗin sun zauna kafin a kwance doki. Kada kunyar babbar riga ta sa ku sake shi a kan "gobe zan cika".

Sai mota. Tun kafin ya hau ku yanke wanda ke da asara in wani abu ya faru a hanya. In ka biya ka karɓa, naka ne, don haka yaronka ya shiga motar tare da shi, da kwafin takardar a aljihu saboda shingayen hanya. A zuba yashi ko ƙaiƙayi a ƙasan motar don kada ya zame, kada a ɗaure kansa sama, a tashi da sanyin asuba, a tsaya a ba shi ruwa duk bayan kamar awa 4. Ka sayi buhu guda na abincin da ya saba ci a can, gero ne ko dusa ko harawa, ka riƙa gauraya masa da naka a hankali har kwana bakwai zuwa goma, don sauya abinci farat ɗaya shi ke kawo ciwon ciki. Ka ware masa turke da bokitinsa nesa da sauran dawakinka na mako biyu. Kuma ka ba yaron da ke kula da shi a can tukuici mai kyau, ka ja shi gefe, shi zai gaya maka ko dokin yana harbi, ko yana tsoron ƙarar bindiga da kalangu.

In lokaci ya ƙure maka, gara ka ari doki ka yi hawan bana, bayan Sallah ka je Maigatari ka gan shi da idonka.