Ciyawa da gado: akwai dangantaka?

Tambaya: Malam, ina koyon Faransanci da Jamusanci. Na lura Bafaranshe na kiran ciyawa herbe, Bajamushe kuma na kiran gadon dukiya Erbe, lafazinsu kusan ɗaya. Shin tushensu ɗaya ne?

Amsa: Malama, kunnenki bai yaudare ki ba, amma kama da wane ba wane ba ce. Herbe daga Latin ta fito, daga herba, wato ganye ko ciyawa, kuma ita ce ta zama erba a Italiyanci. Nan labarinta ya tsaya.

Erbe ce ta fi taɓa mini zuciya. Masana harshe sun haɗa ta da orphanos ta Girkanci, wato maraya, da orbus ta Latin, wanda aka raba da nasa. Dubi yadda abin yake: mai gado da maraya mutum ɗaya ne, yaron da ake miƙa wa dukiyar uba bayan an dawo daga maƙabarta. Duk sanda na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi.

Larabci kuwa yana da tushen w-r-th, inda aka samu mirath, wato gado, da warith, wato magaji, kuma daga nan Suwahili ta ari urithi, wato gado. Mu Hausawa mun riƙe tamu: gada, gado, magaji, magajiya. Kada ki haɗa kalmar gado ta dukiya da gadon kwanciya don rubutu ya zo ɗaya. Furta su a hankali, za ki ji ta gadon dukiya ana jan "ga" ɗinta, ta kwanciya kuwa gajeruwa ce.