Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe: a kai shi gida ko a tsaya a Ingila?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Ingila da bizar ma'aikata ya rubuto cewa an haifa masa ɗa da tafin ƙafafu a murɗe zuwa ciki, kuma mahaifiyarsa tana so a turo mai jego da jaririn Kano, ta yi wanka a gida, a nuna yaron ga mai ɗori.

Malam, Allah Ya raya. Shawarata ita ce kada yaron ya motsa yanzu. Wannan lalura, wadda ke samun kusan jariri 1 cikin 1,000, ba karaya ba ce kuma ba shan inna ba ce, don haka ɗori ba ya gyara ta. Maganinta shi ne hanyar da Dakta Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa ta Amurka: a makonnin farko na haihuwa, tun jijiyoyi suna da taushi, likita yana lanƙwasa ƙafar a hankali ya ɗaure ta da siminti, ana sauyawa kowane mako har sau 5 zuwa 8. Yawancin yara kan buƙaci a ɗan tsaga agara, sannan a sa simintin ƙarshe na mako 3.

Inda iyaye suka fi sakaci shi ne matakin takalma biyu masu haɗe da sanda, waɗanda yaro zai sa awa 23 a rana tsawon wata 3, daga nan kuma lokacin barci kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Da zarar an ajiye su saboda kuka ko surutun dangi, ƙafar tana iya komawa yadda take.

Batun takardu ma yana da gaggawa. Haihuwa a Ingila ba ta ba ɗan mai biza zama ɗan ƙasa, kuma kulawar asibiti kyauta da yake samu albarkacin kuɗin lafiyar da kuka biya lokacin neman biza ta wata 3 ce kawai, muddin bai fita ƙasar ba. Ka nema masa fasfo da biza tun yanzu, ka kuma karɓi wasiƙar asibiti ka kai wurin aiki domin ranakun ganin likita.

Ita kuwa Hajiya, a lallashe ta da girmamawa, a riƙa tura mata hoton ƙafar bayan kowane sauyin siminti ta ga ci gaba da idonta. In daga baya komawa gida ta kama, a tafi da takalman da bayanan likita, a ci gaba a Asibitin Ƙashi na Dala.