Kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabunta BIOS: a sayi wani bod ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa a wani gari kusa da Ringim. Kwamfutata ta tebur ce, HP, ta hannu na sayo a Kano. Saƙo ya fito cewa a sabunta BIOS, na danna. Ana cikin yi man janareta ya ƙare. Tun daga ranar, in na kunna sai fanka ta yi ta juyawa, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Mai gyaran garinmu ya ce bod ya ƙone, in kawo kuɗi ya sayo wani. In saya, ko in haƙura in tara kuɗin wata kwamfutar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri. Kada ka ba da kuɗin nan tukuna, domin abin da ka bayyana bai yi kama da ƙonewa ba.

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin wani ɗan IC, wato ɗan guntun lantarki, galibi mai ƙafa takwas, a jikin bod, babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi. Ita ce ke fara farkawa in ka kunna, ta duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ram, ma'ajiyarta ta wucin gadi, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Wajen sabuntawa, ana goge tsohon rubutun da ke cikin IC ɗin ne a rubuta sabo. Kamar almajiri ne ya wanke allonsa, ya fara rubutu aka kira shi: allon lafiyarsa lau, karatun ne bai cika ba. Abin da ya fi yiwuwa ya sami kwamfutarka ke nan, kuma ana iya sake rubutun.

Fara da abin da ba zai ci maka ko kwabo ba. Zare wayar wuta, ka buɗe murfin, ka nemo batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Cire shi, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ka jira kamar minti biyar, ka mayar. Wannan yana goge saitin da ya rikice. Shi kaɗai ba ya gyara rubutun da ya yanke, amma sau da yawa matsalar ba ta wuce nan ba. Tun da murfin a buɗe yake, ka zare ram ka goge ƙurar da hunturu ya tara, ka mayar da guda ɗaya kawai ka gwada.

In bai tashi ba, HP sun tanadi hanyar ceto a yawancin injinansu. Kwamfuta tana kashe, ka danne maɓallin Windows da na B tare, kana riƙe da su ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa biyu zuwa uku ka sake shi, amma kada ka saki waɗancan biyun sai ka ji ƙara ko ka ga shafin gyaran BIOS ya fito. Yana iya ɗaukar lokaci sikirin yana baƙi, kada ka yi gaggawar kashewa. In ba ta sami kwafin BIOS a cikinta ba, sai ka je wata kwamfutar mai intanet, ka shiga shafin HP, ka sa ainihin lambar samfurin injinka, ka sauko da fayil ɗin BIOS. Shi kansa fayil ɗin yakan ba ka zaɓin haɗa filash na ceto. Ka soka filash ɗin ka maimaita. Don Allah wannan karon ka tabbata tankin janareta a cike yake. Masu Dell kuma, nasu maɓallan Ctrl da Esc ne. Masu kwamfutar da aka harhaɗa da bod irin ASUS, Gigabyte da MSI su duba bayan akwatin, wasu suna da ɗan maɓalli da ramin USB na musamman da ke rubuta BIOS daga filash ko da sikirin bai nuna komai ba, sai dai a yi wa filash ɗin fomat a tsarin FAT32 kuma a sauya sunan fayil ɗin yadda littafin bod ɗin ya ce.

In duk wannan bai yi ba, har yanzu ba a zo ga sayen bod ba. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake kira CH341A, wadda ake maƙala wa IC ɗin, ko a cire shi da dalma, a rubuta masa BIOS kai tsaye. Ba kowane mai gyara ke da ita ba, shi ya sa da yawa suke yanke hukuncin cewa bod ya mutu. Ban zargi mutumin garinku da ha'inci ba, iyakar kayan aikinsa ke nan. Ka ɗauki akwatin ka shiga Kano, wajen Beirut Road ko Farm Centre, ka tambayi wanda yake "yin furogiramin ɗin BIOS". Sharaɗi ɗaya za ka gindaya masa, kuma ka tsaya a kai: ya kwafe abin da ke cikin IC ɗin ya ajiye kafin ya rubuta komai. A nan lambar injinka take, kuma a injinan da suka zo da Windows 8 zuwa sama, lasisin Windows ma yakan kasance a ciki.

To in an tabbatar bod ɗin ya tafi fa? Ka sani bod ɗin HP da Dell na ofis ba sa shiga kowane akwati, kuma sau da yawa soket ɗin wutarsu daban ne da na kasuwa. Dole lambar da ke jikin tsohon ta yi daidai da ta wanda za ka saya, kuma a kunna shi a gabanka har ya kai Windows. Ka kuma duba ƙarnin furosesarka, wato zubi na nawa ce a jerin waɗanda kamfaninta ya fitar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin. In injinka ƙarni na 3 ko na 4 ne kuma kuɗin bod ya kusa rabin na wata kwamfutar, ni dai zan ce ka cire had disk ɗinka da ram, ka ƙara kuɗi ka sayi mai ɗan sabunta.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar sakandare a yankin Birnin Kudu, ɗakin kwamfuta yana hannuna. Bayan an sabunta BIOS ɗin wata Dell, tambarin yana fitowa, amma sai shuɗin shafi ya biyo baya ta sake kunna kanta. An ce had disk ne ya lalace. Makin ɗalibai yana ciki.

Amsa: Malama, kada ki bari kowa ya yi mata fomat, kada kuma ki sayi komai. Tun da tambari yana fitowa, BIOS ya rubutu lafiya. Abin da yakan faru shi ne saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Da kin kunna ki riƙa danna F2, shafin saitin BIOS zai buɗe, ki nemi wurin saitin SATA, wato yadda bod ke magana da had disk. In yana kan RAID ki mayar AHCI, in yana kan AHCI ki gwada ɗayan. Windows ba ta tashi in aka sauya mata wanda aka girka ta a kai, kuma shuɗin shafin yakan rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Ki duba kuma ko tsarin tashi ya sauya tsakanin Legacy da UEFI. Ki sauya abu ɗaya ɗaya, kina rubuta yadda kika same shi. In kuwa shafin yana neman makullin BitLocker ne, wato tsarin Windows na kulle had disk, lamba ce mai alƙaluma 48, tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita injin, ko a hannun wanda ya kawo wa makarantar kayan. Ranar da ta tashi, makin nan ya shiga filash kafin ki yi wani aiki.

Tambaya: Daga Gumel nake. Sitabilaiza zan saya wa kwamfutata ko UPS? Kuɗin ɗaya nake da shi.

Amsa: UPS, ƙanena. Sitabilaiza tana daidaita wuta ne in ta yi ƙasa ko sama, amma in an ɗauke, da ita da kwamfutar tare za su mutu. UPS kuwa tana da batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙarama mai 650VA, wadda galibi batirinta bolt 12 ne, za ta ba ka 'yan mintunan da za ka adana aiki ka kashe. Kwamfuta da sikirin kawai za ka jona, ban da firinta mai leza, tana jan wuta da yawa. Zafin Gumel yana cin batiri, don haka ka ajiye ta inda iska ke shiga, kuma ka sa a gwada maka ita da irin janaretarka, wasu ba sa karɓar wutar ƙananan janareta.

Game da sabunta BIOS kuwa, in injinka yana aiki lafiya, kuma ba wani gyaran tsaro ko sabuwar furosesa ce ta tilasta ba, babu gaggawa. In ya zama dole, ka kai shi gidan da ke da sola da inbata, da rana tsaka lokacin da batura suka cika, kuma ko sikirin ya yi baƙi ya sake kunna kansa sau biyu ko uku, ka bar shi har ya gama.