Amsa: Desibel 35 a takardar gwajin ji, ɗana ya kurumce ke nan?

'Yar'uwa, kin ce gwajin jin ɗanki ya nuna desibel 35 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), likita kuma ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, kina tsoron ko kurumta ce. A'a, ba kurumta ba ce. Jinsa ne ya ɗan ragu: raɗa za ta wuce shi, amma magana ta kusa yana ji. Ruwan ne ke hana dodon kunnen da ƙananan ƙasusuwa 3 da ke bayansa motsi sosai, sai sauti ya isa ciki a dakushe, kamar an toshe kunne da yatsa.

Ki duba takardar ko an ɗora masa ɗan abin nan mai girgiza a ƙashin bayan kunne. In ya ji da kyau ta nan, to kunnen ciki mai siffar katantanwa lafiya lau yake. Na 'yata a wata 3 ruwan ya janye da kansa, yawanci ma haka ne. In ya wuce haka, ku koma a sake gwaji. Don Allah ban da ɗiga mai ko sosawa da tsinken ashana, ruwan ba a wajen yake ba.