Tambaya da Amsa: Me ya sa NMR ke ƙara mini kafeyin a goro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne, ina binciken yawan kafeyin a goron da ake sayarwa a kasuwannin Kumasi. Ina amfani da maleyik asid a matsayin ma'auni, wato sinadarin da na san yawansa nake kwatanta kafeyin da shi, amma duk lokacin da na auna da NMR, na'urar da ke gane sinadarai da maganaɗisu, sai adadin ya zarce na HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna su. Ina gizo ke saƙar?
Daga wani ɗalibi, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zargi goron, duba lokacin hutu tsakanin bugu da bugu na igiyar rediyo da NMR ke aika wa samfur, wanda na'urar kamfanin Bruker ke kira d1. Yawanci ana barinsa a daƙiƙa 1 ko 2. Wannan ya wadatar idan gane sinadari kawai kake so, amma bai isa awo ba.

Ga dalili. Bayan kowane bugu, ƙwayoyin haidurojin na buƙatar lokaci su koma yadda suke, shi ne T1. Na maleyik asid a ruwa mai nauyi, wato D2O, suna da jinkiri. Na rukunin methyl ɗin kafeyin, wato haidurojin uku-uku da ke manne da kabon ɗaya, sun fi su sauri. Idan ka sake bugu da wuri, ƙololuwar ma'aunin, wato tsinin da siginarsa ke yi a zanen sakamako, sai ta ragu, kuma da yake da ita kake rabawa, sai kafeyin ya kumbura. Auna T1, ka ɗauki mafi tsawo, ka ninka shi sau 5 tare da bugun digiri 90, sigina zai dawo kashi 99.3 cikin ɗari. Sau 7 ya kai 99.9. In ba ka samu damar aunawa ba, sa daƙiƙa 60. Masu jiran layi za su yi ƙorafi, amma gara hakan da lambar ƙarya.

Kafeyin da kansa zai gaya maka gaskiya. Yana da ƙololuwa huɗu: guda kusa da 7.9 ppm (awon matsayin ƙololuwa a zanen) mai haidurojin ɗaya, da uku tsakanin 3.2 da 4.0, kowace mai uku. Dole faɗinsu, wato girman filin da ke ƙarƙashin kowace ƙololuwa, ya fito 1:3:3:3. In bai fito ba, ko dai hutun ya gaza, ko wani sinadari ya ɓuya a ƙasa. Goro na da tiyobiromin, ɗan'uwan kafeyin, ga kuma sukari da ke cunkushe yankin 3 zuwa 4, kuma duk abin da ya shiga ƙarƙashin ƙololuwa ƙari ne a lissafinka.

A lissafin, raba kowane faɗi da adadin haidurojinsa. Maleyik asid na da 2, kusa da 6.3 ppm, nauyin mol ɗinsa giram 116.07, na kafeyin 194.19.

Sai sikeli, inda aka fi sakaci. Kuskuren miligiram 0.1 a kan miligiram 2 kashi 5 ne cikin ɗari, kuma babu na'urar da za ta gyara shi. Auna da yawa, ka narkar, sannan ka ɗebi abin da kake so. Rufe kwalba nan take, domin busasshen garin goro na shan danshin Kumasi. Tace ruwan kafin ka zuba mililita 0.6 a bututu mai faɗin milimita 5. Ɓarɓashi na faɗaɗa ƙololuwa.

Dole sigina ya fi hayaniya, wato ƙananan tsalle-tsallen da ke ƙasan zanen, aƙalla sau 250. In kana so ya ninka biyu, sai ka ninka yawan bugu sau huɗu. Daidaita layin ƙasa, wanda ƙololuwa ke tashi daga kansa, da hannunka kafin ka auna faɗi.