Sojoji 52, 'yan Boko Haram 1,000: wane adadi za a gaskata?

Tambaya: Malam, daga Kuseri nake rubuto maka. Duk sanda aka gwabza a yankin Tafkin Chadi, sai mu ji a rediyo an kashe 'yan Boko Haram ɗaruruwa, sojoji kuwa 'yan kaɗan. Yaya ake wannan ƙidaya, kuma mu yarda da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, ko da yake a sanarwa ɗaya kake jin adadin biyu, ba hanya ɗaya aka bi aka samo su ba. Soja yana da suna da lamba da albashi, yana da iyalin da za su zauna makoki. Ana iya jinkirta labarin mutuwarsa, ana iya rage adadi, amma ɓoyon ba ya nisa. Don haka abin da gwamnati ta faɗa a kan nata, ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙanƙanta. Bayan harin da Boko Haram ta kai wa sansanin sojojin Chadi a Bohoma ranar 23 ga Maris 2020, shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, da bakinsa ya ce sojoji 92 suka mutu, daga baya adadin ya haura zuwa kusan 100.

Na abokan gaba kuwa galibi kintace ne. Jirgi zai yi ruwan wuta a tsibiri mai duhun ciyawa, matuƙi ya kawo rahotonsa, kwamandan ƙasa ya kawo nasa, a tara, gawa ɗaya ta shiga lissafi sau biyu. Mayaƙan kan kwashe gawawwakinsu idan sun samu hali. Masunci ko makiyayin da tsautsayi ya rutsa da shi ma yana iya faɗawa cikin jimillar. Ga kuma kwamandan da ke son ya wanke kunyar da aka ba shi jiya. Shi ya sa da rundunar Chadi ta ce farmakin ramuwar Bohoma na Afrilun 2020 ya halaka mayaƙa 1,000, sojojinta 52, na fi natsuwa da 52 ɗin. Dubu cif-cif ba ta kama da gawar da aka bi ɗaya bayan ɗaya aka ƙirga.

In ka ji sanarwa, fara tambayar wa ya riƙe fagen bayan an tashi, domin shi kaɗai ya samu damar ƙirga. Sannan ka nemi bindigogi nawa aka nuna, mutum nawa aka kama. Ɗaruruwan gawa da bindiga goma sha ba sa tafiya tare. Ka lura da masu rauni kuma: a yaƙin da ake iya kwashe su zuwa asibiti, sukan ninka matattu wajen sau uku ko fiye. Idan matattu suka fi yawa, kamar yadda ya faru a Bohoma, alama ce an mamaye sansanin ne.

A nan Kamaru ma haka ne. A Janairun 2015 gwamnati ta ce an kashe 'yan Boko Haram 143 a Kolofata, soja ɗaya ya rasu. Mai tsaron sansani da manyan bindigogi yakan yi wa mai kawo hari ɓarna sosai, saboda haka ba zan ce ƙarya ba ce, sai dai tazara irin wannan tana neman shaida daga wani bakin da ba na gwamnati ba.

Ko adadin ya zama gaskiya ma, ba ya gaya maka inda yaƙi ya dosa. Ranar 19 ga Afrilu 2021 rundunar Chadi ta sanar da kashe 'yan tawayen FACT, ƙungiyar da ke neman kifar da gwamnatin Deby, fiye da 300 a yankin Kanem, ta ce ta rasa sojoji biyar. Washegari aka sanar da rasuwar Deby sakamakon raunin da ya samu a bakin daga.